Inshorar lafiya a Togo: wa zai biya idan asibiti ba ya cikin yarjejeniya?

Tun ranar 1 ga Janairun 2024 Togo ta fara aiki da tsarin inshorar lafiya na kowa da kowa, wanda ake kira AMU a taƙaice. Kowane wata ana cire wani kaso daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki shi ma ya ƙara nasa, a zuba a asusu guda, domin ranar da ciwo ya zo kada jinya ta cinye jarin gida. Sai dai katin inshorar yana aiki ne kawai a asibiti, ɗakin awo ko farmasin da ya sa hannu kan yarjejeniya da asusun. Idan haɗari ko naƙuda suka kai mutum wani kilinik da ba ya cikin jerin, sai a tsaya ana ja-in-ja kan takardar kuɗi: kilinik ya ce ga farashinsa, asusu ya ce bai san da wannan ciniki ba, marar lafiya kuma yana kwance.

Wannan matsala ta fi kusa da unguwanni irin su Adakpamé, a gabashin Lomé, kusa da tashar jiragen ruwa, inda Hausawa da sauran mutanen zango suke zaune suna sana'a. Manyan motocin kaya da baburan haya suna gogayya a kan hanya ɗaya dare da rana, kuma wanda babur ya kayar da tsakar dare ba shi da lokacin tambayar ko asibitin da ke kusa yana karɓar kati. Yadda hukumomin Togo za su warware irin wannan saɓani shi ne zai nuna ko ƴan kasuwa, direbobi da masu sana'ar hannu za su yarda su riƙa zuba kuɗinsu a asusun, ko kuwa za su ci gaba da dogara ga adashe da karo-karon dangi.

Yadda tsarin yake tafiya

Inshorar lafiya ta dole ba a 2024 ta fara a Togo ba. Dokar ranar 18 ga Fabrairun 2011 ce ta kafa ta domin ma'aikatan gwamnati, aka kuma ɗora wa hukumar INAM tafiyar da ita, ta fara biyan kuɗin jinya a 2012. A wancan lokaci ana zuba kashi 7 cikin 100 na albashi, rabi daga ma'aikaci, rabi daga gwamnati. A 2017 aka ƙara shirin School Assur domin ɗaliban makarantun gwamnati, a 2021 kuma shirin Wezou domin mata masu juna biyu da jarirai. Dokar 18 ga Oktoban 2021 ce ta kawo AMU, ta faɗaɗa manufar zuwa dukkan jama'a. Aka raba aikin gida biyu: INAM ta riƙe ma'aikatan gwamnati da ƴan fansho nata, asusun CNSS kuma ya ɗauki ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu da masu sana'ar kansu. Kason da ake zubawa ya koma kashi 10 cikin 100 na albashi, 5 daga ma'aikaci, 5 daga mai ɗaukar aiki.

Ginshiƙin tsarin shi ne abin da ake kira tiers payant da Faransanci, wato na uku ne mai biya. Marar lafiya ba ya fitar da kuɗin duka ya dawo yana neman a mayar masa. Yana biyan ɗan kason da ya hau kansa ne kawai, asibiti kuma ya tattara takardun aikin da ya yi, ya aika wa asusun, asusun ya duba ya biya. A tsarin INAM abin da asusun ke ɗauka yana kamawa daga kashi 80 zuwa 100 cikin 100, gwargwadon irin jinyar.

Amma kashi 80 na wane farashi? Nan ne maganar take. Asusun yana da nasa jerin farashi na ganin likita, awo, tiyata da magani, kuma a kan wannan jeri yake lissafi. Asibitin da ya sa hannu, wanda ake ce wa conventionné, ya amince da ƙa'idojin asusun ke nan: irin takardun da za a cike, ayyukan da sai an nemi izini kafin a yi su, da binciken da likitan asusun zai riƙa yi. Shi kuma asusun ya ɗauki nauyin biya. Wanda bai sa hannu ba, babu wata igiya tsakaninsa da asusun. A ƙa'ida, wanda ya je can da ƙafarsa ya ɗauki nauyin kansa.

Ƙofofi uku da rigima ke shigowa

Ƙofa ta farko ita ce gaggawa. Maganar cewa mutum ya zaɓi asibitin da ba ya cikin yarjejeniya tana da ma'ana ne idan da gaske yana da zaɓi. Mazaunin Adakpamé yana da cibiyar lafiya ta gwamnati a unguwa, yana da asibitin Bè, sannan manyan asibitocin koyarwa na Sylvanus Olympio da Campus suna cikin gari. Amma wanda ya suma a bakin hanya, maƙwabta ne ko masu wucewa za su ɗauke shi, kuma ƙofar da ta fi kusa za su nufa. Ko a inda doka ta yarda a biya kuɗin irin wannan jinya, tambayar farashi tana nan: na kilinik za a bi ko na asusu? Kuma wa zai tabbatar cewa lamarin gaggawa ne?

Ƙofa ta biyu ita ce turawa. Sau da yawa marar lafiya yana farawa a asibitin da ke karɓar kati, sai a ce na'urar ɗaukar hoto ta lalace, ko maganin ya ƙare, ko babu likitan da ya ƙware a wannan ciwo, a rubuta masa takarda ya tafi wani wuri. Idan wurin da aka tura shi ba ya cikin jerin, sai ya tarar ya fita daga inuwar inshora ba tare da ya sani ba, alhali umarnin likita ya bi.

Ƙofa ta uku ita ce dakatarwa. Asibitin da ke karɓar kati yau yana iya daina karɓa gobe, ko dai domin asusun ya soke yarjejeniyarsa kan zargin maguɗin takardu, ko domin shi da kansa ya gaji da jiran kuɗinsa. Wanda ya saba zuwa can duk wata karɓar maganin hawan jini ko na ciwon suga sai ya wayi gari asibitinsa ya zama na waje.

A ɗauki misali da lissafi mai sauƙi, ba farashin wani asibiti ba ne. A ce wata tiyata tana kan sefa 150,000 a jerin asusu, asusun kuma yana ɗaukar kashi 90 cikin 100. A asibitin da ke bin wannan farashi, asusu zai biya 135,000, marar lafiya ya biya 15,000. A ce wani kilinik yana yin wannan aiki a kan 300,000. Idan yana cikin yarjejeniya amma an bar shi ya ɗora ragowar a kan marar lafiya, asusu zai biya 135,000 ɗin nan dai, iyali su nemo 165,000. Idan kuwa ba ya ciki sam, 300,000 ɗin duka a wuyan iyali take. Mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 sefa 52,500 ne a wata. Ke nan ciwo ɗaya, mutum ɗaya, kati ɗaya, amma abin da zai fita daga aljihu yana iya zama na kwana tara, ko na wata uku, ko na kusan wata shida, gwargwadon ƙofar da aka shigar da shi.

Kowa da hujjarsa

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa ɓangare ɗaya ne mai laifi. Mai kilinik yana da abin faɗa. Asibitin gwamnati ba ya biyan haya, albashin yawancin ma'aikatansa daga baitulmali yake fitowa, wasu kayan aikinsa kuma taimako ne. Mai zaman kansa shi ke biyan haya, wuta, man janareta, albashi, haraji da bashin bankin da ya sayo na'ura da shi. Idan aka gina jerin farashi a kan na asibitin gwamnati, aka ce ya bi, to ana neman ya sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro. Ga kuma jinkirin biya: dillalin magani ba ya jiran wata shida, ma'aikata ma ba sa jira.

Asusu shi ma yana da tasa hujjar. Kuɗin da ke hannunsa na ma'aikata ne, kuma yana da iyaka. Idan zai biya duk farashin da aka rubuto masa, to babu asibitin da zai ga amfanin sa hannu kan yarjejeniya, tunda na waje ya fi samun riba. Cikin ɗan lokaci farashi zai haura, asusun ya bushe, a dawo ana neman ƙara kason da ake cirewa daga albashi. Sannan maguɗi gaskiya ne a duk inda ake biya bisa yawan aiki: awon da ba a yi ba, kwanan asibitin da aka ƙara, katin da aka ara wa ɗan'uwa. Ba tare da yarjejeniya ba, likitan asusu ba shi da hurumin shiga ya duba fayil.

Abin lura shi ne, duka ɓangarorin biyu suna da lauyoyi, ƙungiyoyi da hanyar kai kuka ga hukuma. Marar lafiya ne kaɗai ba shi da ko ɗaya, kuma shi ne aka fi saurin kamawa, domin yana hannu. Shi ya sa a ƙasashe da dama na Afirka ake samun labarin tsare majinyaci ko riƙe gawa har sai dangi sun biya.

Abin da ya faru a maƙwabta

Togo ba ta buƙatar duba nesa. Daga Lomé zuwa Aflao tafiyar ƙafa ce, kuma Ghana ta kafa tsarinta na NHIS tun 2003, tana tara mafi yawan kuɗinsa daga wani kaso na harajin saye. Tsarin ya buɗe ƙofar asibiti ga miliyoyin mutane, amma jinkirin biyan asibitoci ya zame masa ciwon da ya ƙi warkewa. Ƙungiyar asibitocin mishan ta CHAG, wadda ke riƙe da jinyar karkara da yawa, ta sha yin barazanar daina karɓar kati, a 2014 kuma ta dakatar na ɗan lokaci saboda bashin watanni. A wurare da dama asibitoci sun koma karɓar ƙarin kuɗi daga masu kati, duk da an hana.

A Nijar, gwamnati ta sanar da jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar a 2006, bisa sharaɗin cewa cibiyoyin lafiya za su yi aiki su aika takarda, baitulmali ya biya. Takardun suka taru shekara da shekaru ba a biya ba, kantunan maganin cibiyoyin suka zama fanko, iyaye suka koma karɓar takardar magani suna zuwa saye a waje. A Gabon, masu farmasi sun sha dakatar da ba da magani ga masu katin asusun CNAMGS saboda bashi. A Kenya, bayan sabuwar hukumar SHA ta gaji tsohon asusu a Oktoban 2024, wata ƙungiyar asibitoci masu zaman kansu ta dakatar da karɓar kati a 2025 kan tarin bashin da take bi.

Najeriya kuwa ta bi wata hanya. Tsakanin hukuma da asibiti akwai kamfanonin da ke dillancin jinya, waɗanda sai sun ba da lambar izini kafin a yi wa majinyaci wasu ayyuka. Dokar 2022 ta kafa hukumar NHIA, ta mayar da inshorar lafiya wajibi, jihohi kamar Kano kuma suna da nasu hukumomi. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne jiran lambar izini, har a 2025 hukumar ta ɗora wa kamfanonin wa'adin awa ɗaya su ba da amsa.

Darasin waɗannan ƙasashe guda ne. Yawancin asibitocin da ke fita daga tsari ba ƙin jininsa suke yi ba, bashi ne yake korarsu. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma idan asusun inshora ya mayar da asibitoci bankinsa, to da hannunsa yake ƙara yawan wuraren da katinsa ba ya aiki.

Yadda Amurka da Faransa suka yi

Ƙasar da ta fi kowa fama da wannan rigima ita ce Amurka, inda kowane kamfanin inshora yake da nasa jerin asibitoci da likitoci. Mutum yana iya shiga asibitin da ke cikin jerinsa, amma likitan da ya yi masa allurar barci ya zama ba ya ciki, daga baya takardar dubban daloli ta iske shi a gida. A Disamban 2020 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar hana irin wannan takarda ta ba-zata, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022.

Dokar ta yi abu biyu. Na farko, ta fitar da marar lafiya daga tsakiya: a jinyar gaggawa, ko inda likitan waje ya yi aiki a asibitin da ke cikin jeri, majinyaci ba zai biya fiye da abin da zai biya a cikin jerinsa ba. Na biyu, ta ce asibiti da kamfani su je su daidaita tsakaninsu. Suna da kwana 30 na aiki su yi ciniki. Idan ba su shirya ba, sai su je gaban mai sasantawa mai zaman kansa, kowa ya rubuta farashinsa na ƙarshe, shi kuma ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun. Ba shi da ikon raba tsakiya, kuma wanda ya sha kaye shi ke biyan ladan mai sasantawa. Hikimar ita ce, duk wanda ya faɗi farashin da ya wuce hankali ya san zai faɗi, don haka kowa zai matso kusa da gaskiya.

Ɓangaren farko ya yi aiki, majinyata sun samu sauƙi. Na biyu ne ya zo da abin da ba a zata ba. Gwamnati ta yi hasashen ƙararraki kusan 17,000 a shekara, amma daga Afrilun 2022 zuwa Yunin 2023 an shigar da kusan 490,000. Asibitoci da likitoci suka riƙa yin nasara a fiye da kashi uku cikin huɗu na shari'un da aka yanke, kuma kaso mai yawa na ƙararrakin ya fito ne daga ƴan tsirarun manyan kamfanonin likitoci masu ƙarfin jari. Ƙungiyar likitocin jihar Texas ta kai gwamnati kotu sau da dama kan nauyin da za a bai wa matsakaicin farashin da kamfanonin inshora ke biya a cikin jeri. Wato an rufe ƙofar zaluntar majinyaci, amma sasancin kansa ya zama kasuwa, masu kuɗin ɗaukar lauya suka fi cin moriyarsa.

Faransa, wadda Togo ta gaji salon dokokinta, ta bi ta wata fuska. Likitan da ya shiga yarjejeniya da asusun ƙasa yana bin farashin da aka amince da shi, ko kuma a wani rukuni a bar shi ya ɗora ƙari. Wanda ya ƙi shiga kwata-kwata yana da ƴancin yanka farashinsa, amma abin da asusun ke mayar wa majinyacinsa bai wuce kusan yuro ɗaya ba a ganin likita. Saboda haka likitoci ƙalilan ne ke zama a waje. Wannan salo yana aiki ne inda likitoci masu yarjejeniya suke ko'ina, kuma asusu yana biya cikin kwanaki. Inda babu waɗannan biyu, hukuncin ba a kan likita yake faɗawa ba, a kan talaka yake sauka.

Abin da ya dace da Togo

Ƙasar da ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutane miliyan 8 da ƴan kai, fiye da miliyan 2 daga ciki a Lomé da kewaye, ba ta da buƙatar kwaikwayon injin Amurka mai tsada. Amma akwai matakai huɗu da ke fitowa fili daga abin da wasu suka gani.

Na farko, a raba majinyaci da rigimar. Duk mai kati da aka kai asibiti cikin gaggawa, ko aka tura shi da takardar likita domin babu aikin a asibitin farko, ya biya kason da ya saba biya kawai. Ragowar magana tsakanin asibiti da asusu ce. Kada a tsare mutum, kada a riƙe katinsa ko babur ɗinsa jingina.

Na biyu, a yanka farashin gaggawa tun kafin a yi rigima. Maimakon a bar kowace takarda ta zama shari'a, asusun biyu da wakilan asibitoci masu zaman kansu su zauna su amince da farashin da za a biya duk wani asibiti mai lasisi da ya karɓi majinyacin gaggawa, ko yana cikin yarjejeniya ko ba ya ciki. Farashin ya yi la'akari da ainihin kuɗin da mai zaman kansa ke kashewa, amma kada ya fi na masu yarjejeniya daɗi, domin kada zaman waje ya zama riba. A riƙa sabunta shi a kan lokaci sananne, a kuma buga shi inda kowa zai gani.

Na uku, wa'adin biya ya zama mai haƙori. Idan asibiti ya miƙa cikakkun takardu, asusu ya biya cikin kwanakin da aka ƙayyade, ko ya faɗi dalilin ƙi a rubuce. Idan wani layi ɗaya ne ake jayayya a kai, a biya sauran, a riƙe wannan kaɗai. Idan wa'adi ya wuce, asusu ya biya tara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma asusun da ke karɓar kasonsa duk ƙarshen wata ba tare da jinkiri ba, bai kamata ya riƙa biya lokacin da ya ga dama ba.

Na huɗu, a samu alƙalin da ba ɗan gida ba. A yawancin ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙorafi kan asusun tsaron zaman jama'a yana fara zuwa ne gaban wani kwamiti na cikin asusun kafin kotu. Wannan yana da sauƙi, amma wanda ake ƙara shi ne ke sauraron ƙara. Kotu kuma tana da tsada da jinkiri ga takardar sefa dubu ɗari biyu. Togo tana da kayan aikin da za ta gina wani abu a tsakiya. Tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda ta amince da dokar bai ɗaya kan sulhu a Conakry a Nuwamban 2017. Majalisar ƴan kasuwa ta ƙasar tana da kotun sasanci ta CATO. Hedkwatar CIPRES, mai sa ido kan asusun tsaron zaman jama'a na ƙasashen yankin, a Lomé take. Ga kamfanonin inshora masu zaman kansu kuma akwai dokar CIMA, wadda Togo da Nijar suke ƙarƙashinta. Ƙaramin kwamiti mai wakilin asusu, wakilin asibitoci da likita mai zaman kansa, wanda zai haɗa takardu masu kama da juna ya yanke su lokaci guda, ya kuma bayyana hukuncinsa, zai iya kashe yawancin rigingimu kafin su girma.

Akwai kuma wani abin da ya kamata a yi hattara da shi. Asusun CNSS na cikin masu jarin asibitin Dogta-Lafiè da aka buɗe a Agoè a 2023. Mai biya ya zama yana da hannu a wani asibiti ba laifi ba ne, amma yana ƙara nauyin nuna wa sauran asibitoci cewa ma'auni ɗaya ake yi wa kowa, a farashi da wajen saurin biya. Wannan ma hujja ce ta samar da mai sasantawa daga waje.

Abin da ya shafi mutanen zango

Yawancin mazauna zango, kamar na Agoè-Zongo inda aka mayar da tsohon zangon Lomé a 1977, ba ma'aikatan albashi ba ne. Ƴan tireda ne, mahauta, teloli, direbobi, masu dako da mata masu sayar da abinci. Babu mai cire musu kaso daga albashi, don haka shigarsu AMU ta dogara ne a kan su ɗauki kuɗi da hannunsu su kai. Irin waɗannan mutane ba sanarwar rediyo ce ke shawo kansu ba, labarin maƙwabci ne. Mutum ɗaya da ya zuba kuɗi wata shida, sannan aka ce masa katinsa ba ya aiki a daren da matarsa ke naƙuda, ya isa ya hana masallaci guda yin rajista.

Ga kuma baƙi. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar da rufe iyakarta da Benin, kayan Nijar da yawa suka koma bi ta tashar Lomé, su haura Cinkassé su ratsa Burkina Faso. Direbobi da yaran mota daga Yamai, Maraɗi da Damagaram suna kwana da kwanaki a kusa da tashar suna jiran lodi. Wanda ya zo da katin inshora daga ƙasarsa, ga shi duk asibitin Lomé na waje ne. Wannan giɓi ba Togo kaɗai za ta cike shi ba, amma ƙungiyoyin masu motoci da na direbobi suna iya ƙulla yarjejeniya da asibiti ɗaya ko biyu kusa da tashar, a san farashi tun kafin haɗari.

Zango ya daɗe da sanin amfanin na uku a ciniki. Mai gida ne ke saukar da baƙon da ya kawo shanu ko goro, ya tsaya masa lamuni, ya tabbatar an biya shi, idan saɓani ya taso kuma a je gabansa ko gaban sarkin zango. Abin da ke riƙe wannan tsari shi ne kowa ya san farashi, kowa ya san ranar biya, kowa ya san inda zai kai ƙara. Waɗannan ukun ne inshorar lafiya take buƙata.

Kafin hukumomi su kammala nasu, akwai abin da iyalai za su iya yi. A nemi jerin asibitoci, ɗakunan awo da farmasin da ke karɓar kati a unguwa tun ana lafiya, kowa a gida ya san sunayensu. Idan likita ya tura mutum wani wuri, a tambaya ko wurin yana cikin yarjejeniya, a kuma karɓi takardar turawa a rubuce. Idan gaggawa ta kai mutum asibitin waje, a sanar da ofishin asusun da wuri, a nemi takardar kuɗi mai bayanin kowane aiki da farashinsa, tare da rahoton likita da rasit mai hatimi. Kada a sa hannu kan takardar da ba a fahimta ba, a nemi wanda ya iya Faransanci ya karanta. Limamai, sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin sana'a kuma suna iya tattara irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe su kai wa INAM da CNSS a dunƙule, domin takarda hamsin daga unguwa ɗaya ta fi saurin samun amsa a kan mutum ɗaya da ke tsaye a bakin taga.